Rawar Da Gwaggo Ta Hana A Yi Mata

Ni 'yar wani ƙauye ce kusa da Jiwa. A shekarun da gwamnati ke kwaso kayanta daga Legas zuwa Abuja, ina budurwa mai ji da kai, wadda ƙafarta ba ta jin ganga ta zauna lafiya. Gwaggona, yayar mahaifina, ita ta koya mini rawa tun ina ƙarama. Ba abin da ta ɓoye mini, har rawar rakiya, wadda a garinmu ba a yi sai tsoho ya rasu ya bar jikoki. A bayan rumbu ta koya mini ita, ba ganga, ta kuma ja mini kunne cewa ba a yi wa mai rai.

Da birni ya fara cika, na koma Karmo, a gefen birnin, na tara 'yan mata ina koya musu rawa, muna zuwa tarbar manyan baƙi. Wata rana ogan da ke ba mu aiki ya ce ya gaji da rawar girbi, in kawo abin da ba a taɓa gani ba ko ya nemi wasu. Ni kuwa ido ya ga kwalta da fitilu, na ce a raina ai al'ada ba ta da kuɗin motar biyo ni. Na koya wa yarana rawar rakiya, na ɗauko makaɗan wani gari da ba su san ma'anarta ba. Muka yi ta a gaban masu manyan riguna, suna shan lemo suna tafi. Har a talabijin aka nuna, ga ni a gaba ina washe baki.

Labari ya riga ni isa gida. Na zaci Gwaggo za ta yi faɗa, sai ta ba ni ruwa, ta tambayi lafiyar yarana. Da zan tafi ne ta ce tunda na riga na raka masu rai na kan kujera, ita ta yafe, idan ta rasu kada a yi mata rawar. Ta kira dattawan makaɗa ta maimaita a gabansu. Na ɗauka fushin tsufa ne, zai huce.

Ba a daɗe ba ta rasu. Na zo da yarana da kayan rawa, na durƙusa gaban makaɗan ina kuka. Babbansu ya ce ba a tsallake maganar mamaci. Matar da ta raka tsofaffin garinmu da ƙafarta, haka aka kai ta shiru kamar jaririn da ba a raɗa wa suna ba. Wannan shirun har yau yana cina.

Ina nan ina koyar da rawa, amma kafin yarinya ta ɗaga ƙafa, sai ta fara sanin wa ake yi wa kowace rawa, da ranar da ba a yi. 'Yan'uwana masu sana'ar gado, ku ji tsoron tafin baƙo, shi zai tashi ya shiga motarsa ya bar ku da mutanenku. Ni ma yanzu na yi furfura, na yi jikoki, kuma ba ni da bakin da zan roƙi a raka ni.