Geron da Na Ce Babu

Rumbu biyu ne a gidana, ɗaya a tsakar gida inda kowa ke gani, ɗaya a bayan ɗaki kusa da turken awaki. Na bayan nan shi ya tsare ni damina guda, ga abinci ga yunwa, kuma bakina ne ya ja mini.

Kada wani ya ɗauka da rowa aka haife ni. Gonar Baba da aka raba mana, kowa ɗan falle ya samu, kana tsaye a taka kana jin tarin maƙwabci a tasa. Ga masu bulo suna ta matsowa daga wajen Ungogo, bana gona, baɗi fuloti. Sai kuma shekarar nan da hatsi ya yi tsadar da ban taɓa gani ba, muka ci tafasa da rama har yarana suka daina tambayar tuwo. Wannan daina tambayar ita ta tsaya mini a rai. Na ce in dai ina numfashi, ba za a sake ba.

Da kaka ta zagayo Allah ya ba ni gero. Na cika rumbun baya da damma, na liƙe bakinsa da laka. Masu saye daga Dawanau suka zo na sayar musu da wake da gyaɗa, mutanen gari suka ga mota a ƙofar gidana, suka ɗauka har geron ya tafi. Ban gyara wa kowa zance ba.

Yayata kuwa katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ita ta goya ni ina jariri. Mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu da 'yar gona. Washegarin ruwan shuka ta shigo da ƙwarya a hannu, ni kuwa na riga na yi binne tun kafin ruwa, hankalina kwance.

"Auta," ta ce, don har yau haka take kirana, "iri nake nema, ko ƙwaryar nan. Namu mun cinye. In ƙasa ta sha iska shi ke nan."

Ƙwarya ɗaya fa! Amma abin da ya zo mini shi ne, in na fasa lakar nan yau, gobe wani zai shigo, jibi gari duka, kafin marka na koma cin tafasa. Sai na ji bakina yana cewa, "Wallahi Yaya, na gaba ya kusa ƙarewa, na baya kuwa tun kaka na sayar."

Ba ta ko kalli bayan ɗakin ba. Ta ce, "Allah ya rufa mana asiri," ta juya da ƙwaryarta. Kafin ta samo iri a wani ƙauye ƙasa ta bushe, ruwa kuma ya ɗauke kwana da kwanaki. Da ta shuka daga baya, geron ya fito tsilli-tsilli, bai kai ƙugu ba.

Wata guda bayan nan rumbun gaba ya ƙare da gaske. A nan na san abin da na yi wa kaina. Gero a zangarniya yake, ba a buhu ba. Kafin ya zama tuwo sai an yi sussuka, sai an yi shiƙa. A garinmu kuwa taɓarya ba ta da sirri, in an buga a gidana har ƙofar masallaci ana ji, ƙaiƙayin ma iska gidan Yaya take kai shi. Ta yaya mutumin da ya rantse babu zai tashi da sussukar dami?

Uwar yarana ta ce, "Malam, ka je ka gaya mata gaskiya mana, 'yar'uwarka ce." Na daka mata tsawa. Haushi nake ji, kuma na san ba ita ta yi mini komai ba. Na kama jar akuyata na kai kasuwar Zakirai, na auno tiya kamar kowane mara shi. Bayan ita wata akuyar ta bi. Kullum in na je ba dabbobi dusa sai na wuce ta gindin rumbun nan, in ɗora hannu a jikinsa, in ji kamar in rushe shi.

Ranar da ta fi ci mini rai, ana tsakiyar marka, Yaya ta shigo jiƙe sharkaf. Cirar ciyawa take yi a gonakin mutane ana biyanta da hatsi. Ta ajiye ƙwaryar nan dai a gaban matata, da gero rabi a ciki. Ta ce, "A dama wa yara kunu. Na ji Auta ya sayar da jar akuyar." Na shige ɗaki. An dama kunun, kuma na sha, kunya ba ta kashe ni ba.

Da sabon gero ya shigo na ce to, ga mafita. Na fasa lakar, na jawo tsofaffin damma na cusa a ƙarƙashin sababbi, wai ni mai dabara. Mata suka taru sussuka kamar yadda aka saba, Yaya a cikinsu, ita da gonarta ba ta ba ta na wata biyu ba. Ina daga zaure ina leƙe. Na ga ta sa hannu ta zaro zangarniya ɗaya, ta yi duhu, ba irin ta bana ba. Ta murza a tafin hannu, ta kai hanci. Matar da ta shekara hamsin tana surfe zan ɓoye wa tsohon gero?

Ta ɗago ta dube ni. Na jira zagi, wallahi da ta zage ni da na ji sauƙi. Sai ta ce, "Auta, geron nan ya ajiyu, ko ƙwaro bai taɓa shi ba." Ta jefa shi a turmi ta ɗaga taɓarya.

Har yau tana shigowa gidana, muna gaisawa, tana yi wa yarana wasa. Amma ko gishiri ba ta sake tambayata ba.