Kazar da Ta Iso Gida Ba Cinya

Shekara biyu da suka wuce, lokacin ina da shekara goma sha huɗu, in ka shigo layinmu a Kwararafa ka tambayi yarinyar da ta fi kowa surutu da ci, ko akuyar unguwa za ta raka ka ƙofar gidanmu. Ni ce 'yar fari, ina aji ɗaya a sakandare, kuma na yi imani Allah ya halicce ni da ciki biyu, ɗaya na tuwo, ɗaya na nama, na biyun kuwa bai taɓa cika ba. Babana tela ne, ba mu da hali sosai amma ba ma kwana da yunwa. Malam Edita, na rubuto ne in faɗi wani abu da na aikata. Ba zan kama sunan kowa ba, don waɗanda abin ya shafa sun yafe mini, kuma ina da niyyar samun miji a garin nan wata rana.

A bayan gidanmu akwai wata mata Kirista, 'yar asalin ƙauyukan kan dutse, kowa Mama yake ce mata. Ita da Innata suna ciyayya tun kafin a haife ni. Kullum da la'asar kwano zai fita daga gidanmu da tuwo da miya, ya dawo da abin da Mama ta dafa, gwaten acca ko dankali ko shinkafa. Saboda mu Mama ba ta sayen nama sai wurin mahauta Musulmi, in kuma kaza za ta dafa, Baba take kai wa ya yanka. Kai kwanon da dawo da shi aikina ne. Hanya biyu ce zuwa gidanta: ko ka bi titi ka zagaya ta gaban shagon Baba da rumfar masu facin keke, ko ka bi lungu ta bayan wani ƙaton dutse inda ba mai ganin ka sai wata kyanwa mai ido ɗaya.

Ranar farko tsoka ɗaya na ɗauka, na gaya wa kaina gishiri nake ɗanɗanawa. Kashegari na sake ɗanɗanawa, don gishiri abu ne mai son sa ido. Kafin damina ta yi nisa na zama shingen kwastan tsakanin gidaje biyu: mai fita ya biya, mai shigowa ya biya. Ina da tsinke na musamman da nake ɓoyewa a tsagar dutsen, na iya gyara fuskar miya yadda ba za ka ce an taɓa ba, ina goge baki da gefen zane, ƙashi kuma in jefa wa kyanwa. Ni da ita muka yi ƙiba tare. Kumatuna suka cika har malamarmu ta tambaye ni ko haƙori ke mini ciwo.

A cikin wannan shekarar ne aka rage ma'aikata a kamfanin kuza, mijin Mama yana cikin waɗanda aka sallama. Da Inna ta ga kwano yana dawowa ba nama, sai ta ɗauka babu ce ta shiga gidan. Da kunnena na ji tana gaya wa Baba cewa kada kowa ya nuna wa Mama an lura, don mace ce mai kunya, sai dai a ƙara abin da ake sa mata. Aka kuwa ƙara. Ni da na san gaskiya, abin da ya zo mini a rai kawai shi ne kasuwa ta buɗe. Ban tambayi kaina daga ina ƙarin yake fitowa ba, alhali Baba bai ƙara cefane ba, kuma Inna tana da tsohon ciki. Can gidan Mama ma haka: ta ga miyarmu tana zuwa fayau, ta ɗauka ɗinki ne ya tsaya wa Baba, ita ma ta shiga ƙarawa, wani lokaci har da dafaffen ƙwai. Mata biyu suna tausayin juna a ɓoye, ni ina tsakiya ina lashe yatsa.

Inna ta haifi ƙanena, amma ba ta tashi da ƙarfi ba. In ta miƙe sai jiri ya kwashe ta, tafin hannunta ya yi fari. A asibiti aka ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, lalle ta riƙa cin nama da hanta da ƙwai. Baba ya shiga sayo mata 'yar hanta kullum, ita kaɗai. Duk da haka ba ta murmure ba, har aka fara maganar ko za a kwantar da ita. Na damu, na yi kuka, na yi mata addu'a bayan kowace salla, amma ko sau ɗaya ban haɗa ciwonta da tsinkena ba.

Wata Laraba ina makaranta, ashe Mama ta kama kazarta ta ƙarshe, wadda take yi mata ƙwai, ta kai wa Baba shago ya yanka, ta ce ta mai jego ce. Ni ban sani ba. Da la'asar na karɓo kwano, ƙamshin farfesu yana fita ta gefen murfi, ƙafafuna da kansu suka karkata lungu. Na buɗe, na rantse kazar nan sai da ta kira sunana. Na ci cinya ɗaya. Na ga ɗayar ta zama marainiya, na bi da ita. Ƙirji ya bi bayansu. Abin da ya isa gida wuya ne da fukafukai suna iyo a romo.

Na tarar Baba ya dawo da wuri yana zaune a ƙofar ɗakin Inna. Ya buɗe kwanon, ya juya da cokali, ya sake juyawa, sa'an nan ya ce, “Ikon Allah. Kazar nan da ƙafa biyu ta zo shagona da safe.”

Na yi wuf na ce wataƙila Mama ta rage wa 'ya'yanta ne. Inna daga kwance ta goyi bayana da sauri, ta ce ai daidai ne, mutanen da suka yi watanni ba su ga nama a tukunya ba, romon ma ya ishe ta. Ta ƙara da cewa shi ya sa ba ta iya haɗiye hantar nan ita kaɗai. Baba ya tambaye ta wace hanta. Ta amsa cewa duk sanda ta aike ni ɗauko murfi, sai ta juye rabonta a kwanon Mama, kuma tun tana da ciki take yin haka da namanta. Jinin da aka ce Inna ba ta da shi, ga shi nan a kumatuna. Ba wanda ya tuhume ni, ni na durƙusa na faɗi kome, har tsinke, har kyanwa.

Na jira bulala, ba ta zo ba. Baba ya rufe kwanon ya miƙo mini, ya ce in mayar da shi yadda yake, in bi ta titi, in gaya wa Mama da bakina. Tafiyar ba ta fi minti biyar ba, amma ji na yi kamar na taka zuwa Bauchi. Mama ta saurare ni tana dariya har tana riƙe ciki, ta ce watanni ke nan tana sa gidanmu a addu'a a coci Allah ya buɗa wa tela kasuwa. Da na kai kan maganar hanta sai dariyar ta ɗauke. Ta kalle ni ta ce, “'Yata, da kin ce Mama ina son nama, zan hana ki ne?”

Ta yafa mayafi ta biyo ni gida. Ita da Inna suka zauna a bakin gado suna tuna wa juna ranar da wannan ta sa kaza, ranar da waccan ta sa ƙwai, suna dariya suna share hawaye. Inna ba ta zage ni ba. Cewa kawai ta yi, “Ashe ke nake ciyarwa. To alhamdu lillahi, bai tafi waje ba.” Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Na zaci za a karɓe aiken daga hannuna, Baba ya ƙi. Ya ce istigfari na baki yana da kyau, amma hakkin mutum sai an mayar masa, kuma wanda ya san inda yake faɗuwa ya daina bin wurin, kada ya tsaya gwada ƙarfinsa. Har Inna ta yi arba'in rabona na nama a kwanonta yake, ina zaune ina gadi sai ta cinye. Wata budurwar kaza da kakata ta taɓa ba ni kuwa na kai wa Mama. Allah ya taimake mu Inna ta warke ba a kwantar da ita ba. Mama kuma ta kafa doka: kullum kafin ta rufe kwano sai ta ba ni tsoka ɗaya a hannu, in ci a gabanta.

Ina godiya ga Allah da ya tona ni tun Innata tana da rai, kuma a hannun mutanen da suka gyara ni ba tare da sun kunyata ni a layi ba. Na gane cewa kirkin da nake yi a gaban mutane ba shi ne nawa ba, nawa shi ne abin da nake yi in an ba ni kwano a rufe. 'Yan uwana yara, in kuna son abu ku buɗe baki ku roƙa, kuma kada ku ce ɗan kaɗan ne, don ba ku san daga bakin wa aka cire shi ba. Kowa yana da lungunsa, ya san shi kuma. Ni har yau da nama na ƙamshi sai ƙafata ta nemi karkata, shi ya sa nake bin titi ko ana ruwa. Masu facin keke suna mini dariya, Baba yana ɗaga kai daga keken ɗinki ya gan ni na wuce, kyanwar kuwa ta rame, kuma ta daina gaishe ni.