Layin da Aka Ja Tsakanin Baba da Jinjirin Wata

Mahaifina ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, ko a noma ma ba shi ne na gaba a unguwarmu ba. Abu ɗaya Allah ya ba shi, ido. Ranar ashirin da tara ga Sha'aban, da rana ta doshi faɗuwa, Baba zai hau saman benenmu da ke bayan kasuwar Gaya, ya tsaya a kusurwar yamma, ya yi shiru. Mutane su taru a ƙasa suna kallonsa, shi yana kallon sama. In ya ɗaga hannu ya nuna, sai a raka shi wurin liman ya ba da shaida, liman ya kai maganar gaba. In ya sauko bai ce komai ba, kowa ya koma gida ya ci tuwonsa. Har daga Balan wasu ke hawo babur su zo su ji daga bakinsa, alhali suna da rediyo a gida.

Idon nan yana lallaɓa shi kamar jariri. Ba ya kallon talabijin, ba ya zama inda hayaƙin murhu zai same shi, kwallinsa kuwa ko Inna ba ta isa ta taɓa ba. A jikin 'yar katangar da ta zagaye rufin akwai zane-zanen da ya yi da ƙusa, kowace shekara da nata, daidai saitin inda watan ya fito.

Yayana ne ya kawo masu kafa ƙarfen sabis ɗin waya. Benenmu ya fi na kowa tsayi a wajen, rufinsa kankare ne, su kuma ba su sami filin kafa dogon ƙarfe ba. Suka hau da wasu fararen akwatuna dogaye guda uku, kowanne da ɓangaren da zai fuskanta. Katangar yamma ta ɗan tsage, ba za ta ɗauki nauyi ba, sai suka ja da baya suka kafa sandar a kan ginshiƙi. Wato dai akwatin yamma ya zuba wa kusurwar Baba ido, daidai tsayin kan mutum.

Injiniyan da ya jagoranci aikin wani siriri ne mai haƙurin tsiya. Da suka gama ya tara mu a sama ya yi mana bayani.

"Baba, abin nan kamar tocila yake," in ji shi. "Gaba yake haskawa. Ba ruwansa da ƙasa, ba ruwansa da baya. Ku da ke cikin gida ku yi barcinku, masu wucewa a titi ma haka. Amma a gaban fuskarsa, kusa-kusa, ƙarfin ya yi yawa. Yana ɗumama jiki a hankali mutum bai sani ba, ido kuma ya fi ko'ina rashin jure wannan ɗumin."

Sai ya buɗe gwangwanin fenti ruwan ɗorawa ya ja layi a ƙasa, ya kewaye kusurwar yamma kaf, har da zane-zanen Baba. Ya ɗaura allo mai rubutun Turanci a jikin sandar. Ya ce kada kowa ya tsallake, in kuma akwai aikin da ya zama dole a ciki, a kira su su kashe wannan fuskar tukuna.

Baba ya dubi layin, ya dubi akwatin. Wata tantabara ta riga ta sauka a kan akwatin tana gyara fiffike.

"Waccan fa?" in ji Baba.

"Baba, ai tantabara ba ta karanta allo."

"Ni ma ba na karanta boko."

Ni ne mai karanta boko a gidan. Kimiyya nake koyarwa a wata makaranta a ɓangaren Ajingi, kusa da Toranke, kullum in tafi a babur in dawo da la'asar. Kuma ba zan ɓoye ba, ina son a ce ni ne da gaskiya, tun ina ƙarami haka nake. Ba wanda ya naɗa ni, na naɗa kaina sarkin layi.

Aikin bai yi min kaɗan ba. Wani maƙwabcinmu mai sayar da taki ya ɗauko wayarsa ya hau, wai zai tsaya a gaban akwatin ya sha sabis daga tushe, ɗansa na Legas ya ji shi sosai. Na sauko da shi. Inna ta ji an ce abin yana ɗumama kaya, sai ta yanka kuɓewa ta hau da tabarma za ta shanya a cikin layin. Na ce Inna kuɓewar ba abin da zai same ta, ke da za ki duƙa kina juyawa nake ji. Ta ce tun kafin a haifi kimiyya take shanya kuɓewa. Na dai mayar da tabarmar bayan layi, ta kwana biyu ba ta amsa gaisuwata da kyau.

Sha'aban na farko ya zo. Baba ya sa kwalli, ya hau, ya tsallake layin nan kamar ba a zuba masa fenti ba. Na tsaya a baya ina kiransa.

"Baba, ka dawo nan."

Ko gezau.

"Baba, ido fa aka ce! Idon da kake taƙama da shi!"

"Malamin kimiyya, yi min shiru, kana korar min wata."

A da, in akwai wata, Baba ba ya daɗewa. Ran nan ya tsaya, ya tsaya, har jan da ke gindin sama ya fara dushewa. Raina ya ɓaci, na tsallaka na kama hannun rigarsa na jawo shi, a gaban mutanen da ke ƙasa suna kallo. Wallahi har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Muna kan matattakala wayar yayana ta yi ƙara, aka ce an ga wata a wani gari. Ta cikin akwatin nan saƙon ya biyo.

Na shirya wa yaƙi a shekara ta biyu, sai ban samu ba. Baba ya koma mutumin da ya fi kowa bin doka a Gaya. Ya hau, ya tsaya a bayan layi, yatsun ƙafarsa ko fentin ba su taɓa ba. Daga nan kuwa ba a ganin gindin sama sosai, darbejiyar masallaci ta tare rabi, akwatin ya tare sauran. Ya ɗan tsaya ya sauko. Mutanen Balan suka tambaye shi, ya ce, "To, an ja min layi. Masu ilimi sun ce kada in tsallake." Ya faɗi haka yana duban inda nake.

Daga nan magana ta zagaya gari, wai ɗan boko ya raba ubansa da wata. A kasuwa mai nama ya tambaye ni ko rana ma zan ja mata layi. Wata gwaggona ta taso takanas ta ce min abin da na yi ko bare ba zai yi ba. Na yi ta bayani, tocila, gaba, baya, ɗumi, har na gaji da jin muryata. Abin da ya fi ci min rai shi ne na san ina da gaskiya, kuma gaskiyar ba ta sa na ji daɗi ko sau ɗaya ba. Ina ganin Baba yana zama a zaure da yamma, kwallin ma ya daina sawa. Na ji tausayinsa ƙwarai, na kuma ji haushin kaina.

Sai na tuna maganar injiniya, cewa ana iya kashe fuskar. Na kira shi. Ya yi dariya ya ce ba a kashe wa rabin gari sabis don ganin wata. Na ƙi haƙura. Na kira, na sake kira, na tare shi a hanyar Ajingi ran da na ga motarsu, na tsaya a rana ina ba shi tarihin zanen ƙusa. Ƙarshe ya ce akwai wayar da zai canza a fuskar yamma, dole ma sai an kashe kafin ya taɓa ta, kuma ba wanda ya ce masa ga ranar da zai yi. Zai sa aikin ranar ashirin da tara ga Sha'aban, dab da magariba. Na yi masa godiya har ya ji kunya.

Ban gaya wa Baba ba, wai ni zan ba shi mamaki. Amma na gaya wa mai nama, na gaya wa gwaggo, na aika Balan. Ina so duk wanda ya zage ni ya zo ya gani da idonsa.

Ranar ta zo, ƙofar gidanmu ta cika fiye da kowace shekara. Sama garau, ko ɗigon gajimare babu. Injiniya ya hau da hular kwanonsa, ya yi waya da ofishinsu, suka kashe. Akwai wata 'yar na'ura a maƙale a ƙirjinsa mai yin ƙara in ƙarfin ya yi yawa. Ya tsallake layin ya tsaya a gaban akwatin, na'urar ta yi tsit. Ya ce, "Bismillah, a kira Baba."

Na sauka zaure da gudu. "Baba, taso. An kashe maka. Kusurwarka tana jiranka."

Ya ɗago kai. "Wa ya ce a kashe?"

"Ni ne, Baba."

"Mutanen yamma fa? In wata tana naƙuda ana neman mai mota?"

"Minti kaɗan ne. Sauran fuskokin suna aiki."

"A kunna musu abinsu. Ni na haƙura."

"Haba Baba! Wata uku ina bin mutumin nan. Dubi jama'a a waje, har daga Balan!"

Ya saurari hayaniyar da ke ƙofar gida. Sannan ya miƙe, ya gyara hularsa, ya bi ni. A matattakala na ji leɓensa yana motsi, na ɗauka tasbihi yake.

Muka tsallake layin tare. Ya shafa katangar da tafin hannu har yatsunsa suka sami zanen ƙusa, ya tsaya. Ƙasa aka yi shiru. Ni ban taɓa ganin jinjirin wata da kaina ba sai an nuna min, amma ran nan ina ɗaga kai na gan shi, siriri, fari, a saman wata giginya, kamar an yanke farce an ajiye. Na juya da murna in ga hannun Baba ya tashi.

Baba yana kallon wani wuri daban, can dama, inda babu komai. Daga kusa haka, cikin sauran hasken yamma, na ga abin da na shekara biyu ban gani ba. Tsakiyar baƙin idonsa ta yi fari-fari kamar an ɗiga koko a ruwa.

Ya yi magana ƙasa-ƙasa, bai juyo ba. "Yana nan?"

"Yana nan, Baba."

"Ina?"

"Saman giginya." Na kama gwiwar hannunsa a hankali. "Bari in ɗaga maka, ka nuna musu. Ba wanda zai sani."

Ya zame hannunsa. "Shaida ce. Ban gani ba, ba zan ce na gani ba. Kai ka gani, kai za ka je wurin liman."

Injiniya yana bayanmu ya duƙufa a kan wayarsa, ya yi kamar kunnuwansa ma an kashe su.

"Tun kafin su kawo ƙarfen nan ya fara," in ji Baba. "Kada ka bari a ɗora musu. Tsufa ne."

Daga baya likitan ido a Kano ya faɗi haka shi ma, ya ce yanar ido ce, ta daɗe tana taruwa. Amma wannan daga baya ne. A lokacin dai ni ne na ɗaga hannu na nuna. Ƙasa aka yi kabbara, rabi-rabi, don sun ga hannun da ya tashi ba wanda suka zo gani ba ne.

Baba ya ce wa injiniya, "Ɗana, in ka gama, kunna abinka, Allah ya yi maka albarka." Muka tsallako layin. A bakin matattakala ya ɗora hannu a kafaɗata, abin da bai taɓa yi ba, muka fara sauka. Yanzu da yake dab da kunnena na ji abin da leɓensa ke faɗa. Ba tasbihi ba ne, matakan yake ƙirgawa.

A na bakwai ya tsaya ya huta.

"Malamin kimiyya," ya ce, ba faɗa, ba komai. "Layin nan shekara guda yana rufa min asiri. Kai kuma ka bi mutum wata uku sai da ka sa aka kashe shi."

Na ce, "Ka yafe min, Baba."

Ya ce, "Takwas," ya sa ƙafa.