Libarbar da Baba Sale bai saya ba

Har yau ban manta da wata Laraba a watan Muharram ba, bayan alhazai sun watse, unguwar Aziziyya a Makka ta yi tsit. Lokacin ina shekarata ta tara a shagon kayan farauta da gyaran bindigogi, kuma ni ne mai kimanta farashi. Ga waɗanda ba su san ƙa'idar ba: wanda zai sayar da tsohuwar bindiga sai ya zo da rukhsa, wato lasisinta, da katin shaidarsa. Mu duba lambar jikinta mu gwada da ta takarda, sannan su je hukuma a sauya suna.

Bayan la'asar Baba Sale ya shigo. Dattijo ne cikin mutanenmu Hausawa, haifaffen Makka, abokin mahaifina, yana da garken tumaki a bayan gari. An sha yi masa sata, shi ya sa ya nemi izinin riƙe makami. Tare da shi akwai wani mutum mai suna Majid, wanda ya ce zai sayar masa da libarba, wato ƙaramar bindigar hannu, a kan riyal dubu biyu. Baba yana so in gaya masa ko kuɗin ya yi daidai.

Tun daga nan hankalina bai kwanta ba, domin irinta takan kai ninki uku. Majid ya miƙo takarda, ya ajiye bindigar a kan tebur, bakinta yana kallon cikina, ya ce babu komai a ciki. Na kawar da bakin, na buɗe gangar da ake zuba harsashi. Harsashi biyu na samu. Na zare su na jefa a aljihun tebur.

Bututun lafiya lau, kunamar ba ta da wasa. Amma da na haska wurin lambar, sai na ga ƙarfen ya fi sauran santsi, kuma lambobi biyu na ƙarshe ba su zauna a layi ɗaya ba. An goge, an sake bugawa. Na ɗago kai. Majid ya zuba mini ido, hannunsa na dama cikin aljihun tobinsa, doguwar rigar nan ta Larabawa.

Na juya zuwa Hausa, murya ƙasa-ƙasa. "Baba, kada ka fito da kuɗi. Ka koma kujerar can ka zauna."

Majid ya tambaya da Larabci me na ce. Na amsa cewa farashi muke tattaunawa, kuma sai mudir, shugaban shagon, ya sa hannu. Majid ya ce ya fasa, in ba shi kayansa. Ban san abin da ke cikin aljihun nan ba, kuma ƙa'ida ta hana in mayar masa. Na ɗora tafin hannuna a kan bindigar, na ƙwala wa mudir Abu Khalid kira.

Abu Khalid ya fito, ya dubi lambar sau ɗaya, ya ɗauki waya. Majid ya juya ya fice, ya bar takardarsa. Da 'yan sanda suka zo, na miƙa musu bindigar da takardar. Daga baya muka ji cewa daga wani gida aka sace bindigar, takardar kuma ta jabu ce.

Baba Sale ya yi kwana biyu yana jin haushina, wai na ɓata masa ciniki mai sauƙi. Rana ta uku ya dawo, ya zauna, ya ce, "Ɗana, da yanzu sunana ne a kanta."

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku fara da buɗe ganga, sannan lamba, sannan fuskar mai kaya. Farashi ne abu na ƙarshe da ake faɗa, kuma akwai bindigar da ba a yi mata farashi ko kaɗan.