Ranar da na cire takalmi a kan rufi

Ni da na shekara talatin ina hawan giginya da buga kwano a garinmu, wai sai da na zo Manchester aka zaunar da ni a aji ana koya mini hawan tsani. Ni da ko firamare ban gama ba. Aka ba ni hular kwano, da takalmi mai bakin ƙarfe, da ɗamara mai igiya a baya kamar akuyar da za a kai kasuwa.

Shugaban aikinmu wani mutumin Jos ne, ɗan coci, mai son doka kamar shi ya haife ta. Sau biyu yana kama ni ba takalmi a kan rufi a unguwar Moss Side.

"Baba, ka yi na uku, ka gama hawa. Ƙasa za ka koma."

"Ɗana, ƙafa ido gare ta. Wa ya taɓa hawan giginya da takalmi?"

"To, ka ga giginya a nan?"

Rannan aka tura mu Birmingham gyaran rufin wani gida mai hawa uku a unguwar Small Heath, daura da masallaci. An yi yayyafi da safe. Mutumin Jos yana juya baya na tuɓe takalmi da safa. Igiyar dai na bar ta a maƙale, don ƙugiyarta ta gagare ni cirewa, ba don hankali ba.

Ashe rufin garin nan ba kwanon gida ba ne mai ɗumi. Kafin in yi taku biyar sanyi ya kashe mini yatsu, ƙafar mai ido ta makance. Sai santsi ya kwashe ni.

Ban kai ƙasa ba. Na tsaya ina lilo, ana fitowa daga sallar Azahar, jama'a na kallon kaushin dugadugaina. Wani ɗalibi Bakano ya ɗaga kai.

"Sannu Baba! Alwala za a yi a saman?"

Da aka sauko da ni mutumin Jos bai yi faɗa ba, abin da ya fi mini ciwo ke nan. Ya miƙo mini takalmina.

"Akuya ta gode wa igiya?"

Tun ranar ban ƙara hawa ba. Ƙofa aka ba ni, ni ke duba ƙafar duk mai shiga. Kuma wallahi ba na ɗaga wa kowa ƙafa.