Muryar Issufu a Hawa na Uku

Ranar Alhamis ɗin nan ta kafin azumi, har gobe ban manta da ita ba. Ku da kuka shigo aiki bana, ku saurara.

Lokacin ina kula da rumbun bayanai na kamfaninmu na sufuri a Zongo. Tsohuwar ma'ajiyar kwamfuta ta cika, patiron, wato mai kamfanin, ya sayo sabuwa mai hawa uku. Hawa na ɗaya mai sauri ne, ga tsada, na abin da ake buɗewa kullum. Na biyu matsakaici. Na uku muna ce masa mai sanyi: yana da araha, amma in ka nemi abu sai ka jira kwana biyu. Muka zauna da shef ɗina, shugaban sashenmu, muka tsara cewa duk abin da ya yi wata shida ba a taɓa ba, ya sauka ƙasa zuwa hawa na uku da kansa. Tsari ne mai kyau, wallahi ko yau shi zan zaɓa.

To, direbobinmu ba sa rubutu. Saƙon murya suke turowa daga hanya, mu liƙa a fayil ɗin tafiyar. Akwai Issufu, wanda kamiyonsa na ɗaukar kaya ya faɗi bayan Parakou shekarun baya, ya rasu. Mahaifiyarsa, Inna Hadiza, takan zo daga Godomey sau ɗaya a shekara, gab da azumi, ta saurari saƙonsa na ƙarshe. Na sha cewa in tura mata a waya. Takan ce, "A'a ɗana, in yana hannuna ba zan iya komai ba sai kuka."

Ranar ta shigo biro, wato ofishinmu, ta zauna a kujerar da ta saba. Na danna, na'ura ta ce a jira. Ashe saƙon ya sauka hawa na uku. Na ruga wurin shef.

"Shef, don Allah babu yadda za a yi a hanzarta?"

"Babu, Musa. Haka hawan yake."

Haushi ya kama ni, amma wa zan yi wa faɗa? Ƙarfe? Na koma na durƙusa. "Inna, yana nan, bai ɓata ba. Sai dai jibi."

Ta gyara mayafinta. "Ba komai. Allah ya kai mu."

Ranar Asabar saƙon ya fito. Na kira gidan, 'yarta ta ɗauka tana kuka: Inna ta rasu jiya bayan Juma'a.

Na rufe ƙofa na kunna. "Patiron, na wuce Parakou lafiya. A gaya wa Inna kada ta jira ni da tuwo, ta ci abinta." Na yi kuka, ba na ɓoyewa.

Na'ura ta san abin da ba a taɓa ba, amma ba ta san wanda ke zuwa sau ɗaya a shekara ba. Kafin ku sa wa ma'ajiya wa'adi, ku tashi ku tambayi mutane. Fayil ɗin Issufu kuwa na kafe shi a hawa na ɗaya. Kada wanda ya sauke min shi.