Fuskokin da Na Ƙona

A ajinmu na koyon zane, a wata kwaleji a Katsina, mu biyu ne kawai mata: ni daga Daura, ita daga Baure. Ni gwanar zana tulu da ƙwarya ce. Ita kuwa in ta kalle ka sau ɗaya ta ɗauke fuskarka, har da abin da ba ka so a gani. Ta taɓa zana ni ina hamma, na yi kwana biyu ba na kula ta.

Da malamai suka shiga dogon yajin aiki, kowa ya koma gida. Wayar hannu ba ta zo hannun irinmu ba tukuna, sai wasiƙa, wani direban bas ke kai mana. A ƙasan kowace wasiƙa sai ta duba madubi ta zana kanta: yau tana harara, gobe da kumburin haƙori, wata rana da ɗaurin ɗankwalin da ta san na tsana. Ina tara su a ƙasan akwatina.

Lokacin an fara shari'ar Musulunci, wa'azi ko'ina. Ba wanda ya hana ta komai, ita ce ta ji an ce ranar ƙiyama za a ce wa mai zana abu mai rai ya busa masa rai, maganar ta zauna mata. Da farko ta riƙa ja wa zanen layi a wuya, kamar yadda ɗalibai da yawa ke yi don kada a ce mai rai suka zana. Daga baya fuskar ta ɓace, sai bishiyar kuka da rumbu. Ta ƙona nata na gida, ta rubuto min in ƙona waɗanda ke wurina.

Na ji haushi ƙwarai. Na amsa mata cewa kyauta ce, kuma ba a karɓe kyauta. Ta sake roƙo, na yi kunnen uwar shegu. Wasiƙa ta uku ƙanwarta ce ta rubuta mata, zazzaɓi ya kwantar da ita. "Don Allah ƙawata, ki sauke min wannan nauyin. Ba na iya barci."

Da na dafa tuwon dare na zuba fuskokin nata a murhu ɗaya bayan ɗaya, ina kuka, innata na tsammanin hayaƙi ne. Na aika mata cewa an gama. Direban ya ce min ta yi murmushi.

Ba ta kai kaka ba. Da na je gaisuwar rasuwarta, mahaifiyarta ta ja ni ɗaki ta rage murya.

"'Yar nan, ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, na makaranta ma ta yaga. An ce tana aiko miki da fuskarta. Ko ɗaya ta rage?"

Na ce, "Babu, Inna."

Ta gyaɗa kai, ta ce in sha ruwa, hanya da nisa.